Mai Masaukin Ɗan Wasan Tanis

Da wasiƙa aka aiko mini shi. Mahaifiyata ba ta rubutu, wani malamin makaranta ne a unguwarmu ta ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan ya rubuta mata, amma duk layin da na karanta muryarta nake ji. Ta ce ɗan maƙwabciyarmu, wanda ke yawon buga tanis a ƙasashen Turawa, zai zo wata gasa a Washington cikin watan Yuli, kuma ta riga ta gaya wa uwarsa cewa a wurina zai sauka. Ba shawarata aka nema ba, sanar da ni aka yi. A wurinmu in aka ce wane baƙonki ne, magana ta ƙare. Cinsa da shansa da kwanansa duk suna wuyanki, ko tuntuɓe ya yi a titi sunanki za a kira. In kuwa baƙo ya kwashe kayansa ya koma wani gida alhali kina cikin gari, to kin sha kunyar da sai an ji labarinta har gida.

Farkon shekarun tamanin ne. Ina aikin nas a wani asibiti, muna zaune a hawa na goma sha ɗaya cikin dogayen benayen nan na yammacin Alexandria, ni da maigidana da yaranmu biyu ƙanana. Ɗaki biyu ne da falo. Baƙo sai falo, a kan kujerar nan da ake warewa ta zama gado. Na wanke labule, na sayo sabon zanen gado, na yi wa yara kashedi. Har canjin ranakun aiki na nema, aka hana ni safiyar Asabar da zai fara wasa.

Ya iso da jaka ɗaya da raket huɗu na buga ƙwallon tanis, biyu na katako, biyu na sabon yayi masu faɗin fuska da aka fara fitowa da su lokacin. Dogo ne, siriri, na ba shi kamar shekara shida, kuma tun daga bakin ƙofa ya durƙusa ya ce mini Yaya. Ya ratsa ta gida kafin ya taho, don haka rabin jakar saƙon iyaye ne: acca, karkashi, daddawa, busasshen kifi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Da ya kwanta a kujerar, ƙafafunsa suka zarce ta, sai da muka kara masa teburin shayi.

Ni duk abin da na sani na tanis a talabijin ne, a ɗakin marasa lafiya, inda tsofaffin Turawa ke roƙona in ƙara musu murya. Na san mutanen nan masu guntayen wanduna da ƙyalle ɗaure a goshi, wani yana yi wa alƙalin wasa tsawa kamar ya ci masa gado. Baƙona ya ce waɗancan daban, su daban. Waɗanda nake gani sai ranar Litinin suke isowa, mota na jiransu, otal na jiransu. Irinsa kuwa tun ƙarshen mako suke zuwa, a bas ko a bayan motar wani, su kwana a gidajen mutane, su ɗaure zaren raket ɗinsu da hannunsu, sannan sai sun ci wasannin share fage kafin a sa sunansu cikin babbar gasar. Ya ce shekararsa bakwai yana wannan zagaye, kuma ya yi wa mahaifinsa alkawari: in bai shiga ba a wannan karo, zai ajiye raket ya karɓi aikin koyarwa da aka daɗe ana yi masa tayi a wani kulob a Kaduna.

"Wasa uku ne, Yaya," ya ce. "Biyu ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi. In na ci na Lahadi, na shiga."

Yana faɗin haka yana ɓare ayaba, ga tuwon shinkafa da miyar taushe da na wuni a kai suna hucewa a gabansa. Loma huɗu ya yi, na ƙirga da idona. Ya ba ni haƙuri, ya ce kafin wasa ba ya cin mai nauyi, in ba damuwa a dafa masa taliya fara, ba mai ba yaji, da ɗan gishiri kawai. Taliya fara! A gidana, ɗan maƙwabciyar uwata! Na ce to. Na dafa, na kawo masa ita a faranti fari fat kamar abincin wanda aka yi wa tiyata, raina kuwa in ya yi dubu ya ɓaci. Na yi ta tunanin abin da zai faɗa in uwarsa ta tambaye shi me aka ba shi a gidan wance.

Sai matar likita ta shigo cikin maganar.

Ƙawata ce tun makarantar koyon aikin jinya a Jos, gadonmu ɗaya sama da ƙasa. Ina sonta, wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa iya zama kusa da ita minti goma ban ji wani abu yana cina a ƙirji ba, wannan ma gaskiya ne. Komai ita ce ke riga ni. Ta riga ni cin jarrabawa, ta riga ni aure, ta riga ni zuwa Amurka da wata uku kacal, amma har yau in ana hira sai ta ce "lokacin da kika zo na nuna miki" kaza. Ta auri likita, ta daina aiki, suka sayi gida a Mitchellville mai ciyawa gaba da baya da ɗakin ƙasa da ya fi falonmu girma. Abin haushin kuma ba ta da mugunta ko kaɗan. Da tana da ita da na samu inda zan kama.

Ta kira ni ran Talata, ta ji ina da baƙo, ran Laraba sai ga ta a ƙofa da kwandon ayaba da lemo. Kafin in gama haɗa shayi ta gano cewa yana shan bas biyu da jirgin ƙasa kafin ya kai inda yake atisaye, ta kuma gaya masa cewa a unguwarsu akwai filin tanis a ƙarshen layi wanda ba mai taɓa shi da rana. Ta ce ita ba abin da take yi, za ta riƙa kai shi tana dawo da shi. Yana ce mata Anti, yana godiya, yana satar kallona. Me zan ce? Ni motarmu ɗaya, maigida ke tafiya aiki da ita.

Ran Alhamis ya dawo yana ba maigidana labarin yadda ta samo masa wani maƙwabci da suka buga tare, da yadda ta tambaye shi abin da yake ci ta rubuta a takarda ta manna a jikin firji. Ran Juma'a da yamma ya same ni a kicin, ya durƙusa, ya ce Anti ta ba da shawarar ya kwana can daren Juma'a da na Asabar, saboda akwai gado mai tsawo, ba hayaniya, kuma ga mota har filin gasa. Ya ce in ban yarda ba ba zai je ba. Gaskiya ce zalla, bayansa na ciwo a kujerarmu, ƙaramar ɗiyata kuma ba ta barin kowa barci. Na ce ya je mana, ai duk gida ne. Baki ne ya faɗa. Da suka fita na tsaya a taga ina kallon motarta can ƙasa tana juyawa, na ji kamar an shigo har ɗaki an ɗauke mini abu ina kallo.

Ranar Asabar sai bayan azahar na tashi daga aiki, na kama hanya da fararen takalmana na asibiti. A cikin wani babban lambu ake gasar, arewacin birnin. Babban fili mai kujeru hawa-hawa a kulle yake, ana ta share shi saboda manya. 'Yan share fage a filayen baya suke, 'yan benci kaɗan, 'yan kallo ba su fi a ƙirga ba. Ƙasar filin wata iri ce, kore-kore kamar garin kuka, 'yan wasa na zamewa a kai da gangan, safarsu duk ta rine. Zafi kuwa irin na Washington, mai ɗanko, wanda ko a inuwa kake sai ka jiƙe.

Ya riga ya ci wasan safe, na tarar yana tsakiyar na biyu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Mutumin da ke sunkuyar da kai a kicin ɗina, ga shi yana tafiya a fili kamar ba ƙasa yake takawa ba, yana ajiye ƙwallo daidai kan layi, abokin karawarsa yana ta gudu banza. Na so in yi murna, wallahi na so. Amma idona ya riga ya sauka a kan matar likita. Tana zaune dab da raga, inda ba a barin kowa, da wani kati rataye a wuyanta. Ashe kowane ɗan wasa ana ba shi kati ɗaya na ɗan uwa, kuma ita ya ba. Tawul a cinyarta, gorar ruwa a hannunta, hular rana a kanta. Ni ina bayan shingen waya a tsaye, ina kare ido da tafin hannu.

Da ya ci, wata Baturiya cikin masu kula da gasar ta tambaye ta ko ita ce 'yar uwarsa, na ji da kunnena ta ce e. Wannan ma da na haɗiye. Sai ya fito yana haki, ya miƙa hannu wajen gorar, ya ce, "Yaya, ruwa."

Ba da ni yake ba.

Ya gan ni bayan nan, ya zo ya gaishe ni da ladabinsa, ita ma ta rungume ni tana cewa ai da na zo da wuri. Na yi dariyar da ta dace. A hanyar komawa gida, cikin jirgin ƙasa, na yi ta jin kalmar nan tana maimaituwa. Kafin magariba mutum uku cikin 'yan cocinmu sun bugo waya, kowa tambayarsa ɗaya: wai gaskiya ne ƙanen matar likita yana gab da shiga babbar gasa? Na ce ban san tana da ƙane ba.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Tun da asuba na wanke accar da ya kawo, na jiƙa kifin, na ɗora naman akuya. Na tuƙa tuwon acca, na kaɗa miyar karkashi mai yauƙi da daddawa da yaji irin na gida, ban rage komai ba. Ƙarfe biyu ne wasansa. Wajen goma da rabi na buga waya Mitchellville. Ita ta ɗauka, ta ce yanzu ya gama cin taliyarsa, zai ɗan kwanta. Na ce a ba ni shi. Na gaya masa cewa a matsayina na wadda uwarsa ta damƙa wa shi, ba zai shiga wasa irin wannan ba sai ya zo na yi masa addu'a a ƙarƙashin rufina. Ya fara cewa ko za mu yi a fili kafin a fara. Na tambaye shi ko an canja masa mai masauki ne ba a gaya mini ba. Sai ya ce yana zuwa.

Maigidana ne ya je ɗauko shi, ba da son ransa ba. Yana neman makullin mota ya leƙa tukunya, ya dube ni, ya ce in tuna mutumin nan aiki ya zo yi, ba biki ba. Na ce masa in ya gama wa'azin ga hanya nan, gada tana cunkushewa.

Sha biyu saura suka shigo. Na yi addu'ar, ba zan ce ban yi ba, amma gajeriya ce, hankalina na kan kular abinci. Muna cewa amin na buɗe ta. Ƙamshin ya cika falon, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce Yaya a ajiye masa, da an tashi daga wasa zai zo ya ci har ya kasa tashi. Na ce miyar karkashi ba ta jira. Ya ce to zai ɗanɗana. Na zauna a gabansa, na naɗe hannu, na faɗi abin da na kwana ina shiryawa.

"Kwana shida kana ƙasar nan, ba ka ci malmala ɗaya ta hannuna ba. In uwarka ta tambaye ni, in ce mata abincin gidan likita ne ya ƙosar da kai?"

Nas ce ni. Na san abin da tuwo mai nauyi da mai da yaji ke yi wa cikin mutumin da zai yi gudu a rana nan da awa biyu. Ba zan ɓuya a bayan rashin sani ba, na sani sarai. Abin da nake so kawai shi ne in gan shi yana cin abincina, in ya fita ya ci wasa a ce daga gidana ya tafi.

Ya dube ni, ya dubi agogo, ya tashi ya wanke hannu. Ya cinye malmalar. Na ƙara masa rabin wata, ya cinye ita ma. Ya ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗi a lokacin, daɗi sosai, wannan ne abin da har yau ba na son tunawa.

Abokin karawarsa wani matashi ne daga Kudancin Amurka, gajere mai kauri, irin waɗanda ba sa gajiya. Wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya shiga. Baƙona ya ɗauki turmin farko cikin sauri, kamar mai son gamawa kafin wani abu ya cim masa. Na ce a raina, ka gani, tuwon gida ne. Har na matso na tsaya inda matar likita za ta gan ni.

A tsakiyar turmi na biyu ya fara dafa gefen cikinsa. In ƙwallo ta tafi can kusurwa sai ya bi ta da ido. Matashin ya gane, ya riƙa jefa masa ita dama, hagu, dama, yana tsawaita kowane bugu, rana kuwa ta tsaya a tsakiyar ka. Da suka zauna hutun canjin gefe, baƙona ya karɓi tawul daga hannun matar likita, ya kifa fuskarsa a ciki, kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Ya daɗe a haka. Alƙalin wasa ya leƙo daga doguwar kujerarsa ya tambaye shi ko zai iya ci gaba, ya ɗaga hannu ya tashi.

Ya rasa turmi na biyu. A na uku jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya koma buga ƙwallon farawa a tsaye ba tsalle. Bai janye ba. Ya tsaya har bugun ƙarshe, wanda ya tafi cikin raga a hankali, ya taka zuwa tsakiya ya ba matashin hannu, har ya dafa masa kafaɗa. 'Yan kallon da ke wurin suka tafa masa. Ya jera raket ɗinsa huɗu cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ya ja zif.

Matar likita ta fito ta ƙofar waya da tawul ɗin a dunƙule a hannunta. Ita ma nas ce, ta gane aman da ta gani a ciki. Ta zo dab da ni, yadda ko maigidana bai ji ba.

"Karkashi, ƙawata?"

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa kowa a coci ba, shekara da shekaru. Duk wanda ya tambaya sai ta ce zafi ne ya kayar da shi. Da ta zage ni a gaban mutane da na fi samun sauƙi. Ko a wannan ma sai da ta fi ni, kuma na ji haushinta saboda haka, Allah ya yafe mini.

A wurin ajiye motoci ya buɗe bayan motarta ya ciro jakarsa. Ya yi mata godiya doguwa, ya ce ta gaishe da likita, sannan ya juyo yana ɗingishi ya sa jakar a bayan tamu. Ba wanda ya ce masa ya yi haka. Mutanen cocinmu biyu da suka zo kallo bayan sujada suna tsaye suna gani, kuma na san kafin Lahadi mai zuwa kowa zai san baƙon wane ne. Muka haye gada. Ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe, safarsa kore-kore da ƙasar filin.

Da muka hau sama ya yi wanka, ya fito ya zauna a bakin kujerar nan da ba ta kai tsawonsa ba. Rana ba ta faɗi ba tukuna, yara na wasa a ɗaki. Na tsaya a ƙofar kicin na rasa ta inda zan fara. Haƙuri nake so in ba shi, amma abin da ya fito daga bakina shi ne tambayar ko in dafa masa taliya.

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Duk abin da kika dafa zan ci, Yaya," ya ce. "Ai yanzu ba ni da wasa gobe. Ba ni da shi jibi ma."

Na shiga kicin na ja ƙofa. Na daɗe tsaye da ashana a hannu ban kunna murhun ba.